Dogon Hutu a Gida a Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda aka ce gwamnati ta ba da hutun Juma'a ko na Litinin sai ka ji tambayoyi iri ɗaya suna zagayawa tsakaninmu mu 'yan arewa mazauna Ikko, a ƙofar masallaci bayan isha'i, a teburin mai shayi, a waya ma haka. Ni a Agege nake zaune da iyalina, wurin aikina kuma can Ailan, wato ɓangaren tsibiri na Legas, na daɗe da yanke shawarar cewa irin wannan hutun a gida zan dinga yinsa. Shi ne na tattaro tambayoyin da aka fi yi min, na sa musu lamba don mutum ya iya tsallakawa zuwa wadda ta dame shi.

1. Wai wane hutu ake nufi da dogon hutu?

Shi ne idan ranar hutun gwamnati ta manne da Asabar da Lahadi, sai a samu kwana uku ko huɗu a jere babu ofis babu makaranta. Ranakun da suke a tsaye kowa ya san su, 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya wadda aka fara yinta a wannan ranar daga 2019 (da can 29 ga Mayu ake yi), 1 ga Oktoba ranar samun 'yancin kai, sai 25 da 26 ga Disamba. Na Sallah ƙarama da babba da Maulidi kuwa da wata suke tafiya, sai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fitar da sanarwa tukunna, wani lokacin ma saura kwana biyu ko uku. In ranar ta faɗo a Asabar ko Lahadi yawanci sai a ba da Litinin a madadinta.

Amma in ka tambaye ni wanda ya fi daɗin hutawa, Ista ne. Kullum kwana huɗu ne cur, Juma'a zuwa Litinin, kuma mu Musulmi ba mu da wata hidima a cikinsa, ba yanka ba tuyan nama ba yawon gaisuwa. Hutun Sallah sunansa hutu ne kawai, duk wanda ya taɓa aikin rago ya san ranar an fi gajiya.

2. Ba lalaci ba ne ƙato da lafiyarsa ya kwana uku a gida ba ya komai?

A'a wallahi, ba lalaci ba ne. Malalaci shi ne wanda aiki yake jiransa ya ƙi yi. Kai kuwa ka lissafa makonka, ka tashi tun ƙarfe huɗu da rabi ko biyar, ka yi asuba a gurguje, ka kama danfo (ƙaramar bas ɗin haya) ko doguwar bas ta BRT, in Ailan za ka ga gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 tana jiranka, ranar da gosulo ya kama sai ka yi awa biyu kana kallon ruwa da gidajen Makoko, ka dawo gida tara ta wuce yara sun yi barci. Jirgin ƙasan da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo ya rage wa wasunmu wahala, amma ba kowa hanyarsa ta bi ta nan ba. Wanda yake wannan rayuwar wata da watanni in ya samu kwana uku ya kwanta, bashi yake biya.

Addini ma bai ce a kashe jiki ba. A cikin Suratun Naba'i aya ta 9 Allah ya ce ya sanya barcinmu ya zama hutu. Sannan hadisin Abdullahi ɗan Amru yana nan a Bukhari, da yake ta azumi da tsayuwar dare ba ƙaƙƙautawa Manzon Allah (SAW) ya faɗa masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa ma tana da haƙƙi. Ibada ke nan fa aka ce ya sassauta, balle neman kuɗi.

3. Me zai hana in tafi gida arewa tunda an samu kwana huɗu?

In akwai dalili, mahaifi ba lafiya ko ɗaurin auren ƙanwa ko rasuwa, to ka tafi, wannan ba abin shawara ba ne. Amma in don hutawa ne kawai ka yi lissafi tukunna. Legas zuwa Kano tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye, ko ka bi ta Ilori da Jebba da Mokwa ko ka bi ta Lokoja da Abuja, yini guda ne cikakke wani lokaci har da dare. Zuwa kwana ɗaya, dawowa kwana ɗaya, saura biyu, su kuma biyun gaishe-gaishe za su cinye, gidan Kawu gidan Gwaggo gidan surukai, kowa da ɗan abin da za ka miƙa masa. Ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, a lokacin hutu kuma sai ya ƙara hawa, fita daga Legas ɗin ma ta hanyar Ibadan aiki ne a jajibirin hutu. Ka dawo ranar Talata da ciwon baya da aljihu wayam.

Abin da nake yi ni, ɗan hutu na kwana uku-huɗu a nan nake yi, rabin kuɗin motar in tura wa Inna, in kira ta mu sha hira son ranmu. Tafiya gida sai hutun shekara, in je in yi sati biyu a tsanake.

4. Me zan tanada kafin hutun ya shigo?

Da sanyin safiya ake kama fara. Duk abin da zai sa ka fita a tsakiyar hutu ka gama da shi tun ana saura kwana ɗaya ko biyu. Gas shi ne na farko, ka ɗaga silinda ka ji nauyinta, don babu abin da yake ɓata safiyar Lahadi kamar gas ya ƙare tukunya tana kan wuta. Sai yunit na mita, sai ruwa, a cika durom da jarkoki in ba famfo a gidan, sai tsabar kuɗi kaɗan a hannu saboda bankuna a rufe suke, kuɗin ATM yana ƙarewa, masu POS kuma wasu sukan ƙara caji. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya duba kada ya yanke masa.

Cefane kuwa in da hali a yi shi gaba ɗaya, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a Mile 12 inda tireloli suke sauke su daga arewa, ko a kasuwar unguwa in ba a son doguwar tafiya, nama mu na Agege mayankar Oko-Oba tana kusa da mu. Ka tuna dai ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas tsafta suke yi, ba a buɗewa sai wajen ƙarfe goma, to in hutun Juma'a zai fara kada ka yi sammakon banza. Maganar yadda za a ajiye abin kada ya lalace tana tambaya ta 5 da ta 6.

5. In an ɗauke wuta fa, ba shi ke nan hutu ya lalace ba?

Ka sa a ranka za a ɗauke, sai ka shirya. Ko waɗanda suke layin Band A da aka yi wa ƙarin kuɗi a watan Afrilun 2024 bisa sharaɗin awa 20 a rana ai sauran awa huɗun suna nan. Da an kawo wuta a cusa komai a caji, waya da fitila da fanka mai caji da fawa bank, a yi guga in da akwai, a sa ruwa a firiza ya daskare. Firij in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi wajen awa 4, firiza cikakkiya kuma tana iya kai kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, amma fa sai an hana yara buɗe-buɗe.

Janareto kuma kada ka ce sai ya kwana yana aiki, kuɗin man zai cinye daɗin hutun. Mu awa biyu ko uku muke kunnawa da daddare, a yi caji, ɗaki ya sha fanka, a kashe. Ga abin da nake roƙon kowa da girman Allah: kada a kunna janareto a cikin ɗaki ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna ko a kicin ko dab da taga, ko da ruwa ake yi, ko da ana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi, kuma sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu a ƙasar nan ta wannan hanyar. Gawayi ma haka ne a ɗaki rufaffe. In mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci ɗaya janareto yana aiki, a kashe shi, a fita waje, a tafi asibiti.

6. Wane abinci ya dace da irin wannan hutun?

Wanda ba zai tsayar da mutum a kicin sau uku a rana ba. A yi miya babbar tukunya tun daren farko, a raba gida-gida a robobi, yau da shinkafa gobe da taliya jibi da doya. A yi kuka ko kuɓewa busasshiya ta tuwon dare, in ya kwana ga ɗumame da safe da ɗan man shanu da yaji, wanda ni a wurina ya fi duk wani karin kumallo. Ɗanwake ba ya cin lokaci, ƙosai da koko akwai masu yi a bakin layi, burodin Agege mai zafi da shayi ko da waken nan na Yarabawa da suke kira ewa agoyin ya ishi gida karyawa. Dare ɗaya kuma a kashe murhu gaba ɗaya, maigida ya taka wurin mai tsire ko balangu ya yo leda, a haɗa da gurasa in an samu, ko fura da nono.

Sai dai a kula, garin nan zafi gare shi da laima, abinci ba ya jimawa kamar a gida lokacin hunturu. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, musamman shinkafa da wake da duk abin da aka sa wa kifi. In babu firij a tafasa miya safe da yamma, tafasa ta gaske har ta yi ɓul-ɓul, ba a ɗan ɗumama ba. Abin da ya canja wari a zubar, asarar kwano ɗaya ta fi a kwana ana zaryar banɗaki da yara.

7. Ni matar gida ce, kowa yana hutu ni kuma aikina ƙaruwa yake. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni, kuma maza nake so su karanta amsar. Gaskiya ce tsagwaronta, ranar da maigida da yara suke gida kwanuka sun ninka, shara ta ninka, wannan ya ce shayi wancan ya ce ruwa, ita kuma tana tsaye tun asuba. Na daɗe ban lura ba. Wani hutun Ista ina kwance a falo da rana na ji shiru ya yi yawa, na leƙa kicin na tarar da maman yara zaune a kan 'yar kujera ta jingina kai da bango barci ya ɗauke ta, wuƙa a hannu, albasa rabi a yanke a faranti. Na ce mata tashi ki je ki kwanta, ta ce “Abban yara to abincin fa?” Ranar na gane cewa hutun da nake ta yabo a kan wuyanta nake yinsa.

Daga lokacin muka yi tsari. A kwana uku ko huɗun akwai yini guda da ba ta taɓa tukunya, ni da babban yaronmu muke ji da safe da rana, dare a sayo. Wanke-wanke na yara ne, shara ma haka. Bayan azahar kuma awa biyu nata ne, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, duk mai kuka ni zai nema. Ba wani abin a yaba ba ne, Nana A'isha da aka tambaye ta me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita.

Ke kuma 'yar'uwa ki faɗa da baki tun kafin hutun, cikin daɗin rai, kada ki jira ya gane da kansa don wasu mazan ba mugunta ba ce, ba su gani ne kawai. Ki ce masa ranar kaza ina so in huta, ga miya na yi na ajiye. Kuma kada ki mayar da hutun ranar babban wanki da goge-gogen labule, ki duba tambaya ta 15.

8. Zan iya rama duk barcin da na rasa a kwana ukun nan?

Za ka rage, ba za ka rama duka ba. Babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa 9 a dare, wanda ya yi wata uku yana yin biyar ba kwana uku ne za su goge ba, amma za ka ji bambanci sosai a jikinka da ranka. Kuskuren da ake yi shi ne a raba dare ana kallo har biyu ko uku, a tashi sha biyun rana da ciwon kai, a haka agogon jiki ya juye, ranar komawa aiki a sha wuya. Abin da ya fi, ka kwanta da wuri bayan isha'i kamar ƙarfe tara da rabi ko goma, ka tashi asuba, in ka gama azkar rana ta fito ka koma ka ƙara awa ɗaya ko biyu. Da rana a yi ƙailula, minti 20 zuwa 30 ya isa, in ta yi tsawo har bayan la'asar barcin dare zai gudu.

Shayi mai kauri da kofi da goro duk suna ɗauke da sinadarin da yake hana barci, kuma yana awanni a jiki kafin ya sake ka. Mu 'yan Agege kam goro gadonmu ne, cinikinsa ne ma ya tara kakannin Hausawa a nan kusa da tashar jirgi, amma in kana son barci ka bar shi daga la'asar.

9. Sallar jam'i da Juma'a fa, tunda an ce kada a fita?

Ba wanda ya ce kada a fita masallaci. Hutu daga gosulo ake yi da ofis. Hasali ma a irin ranakun nan ne ma'aikaci yake samun salloli biyar a masallacin unguwa, ya ga maƙwabtan da ya yi wata bai gani ba, ya tafi Juma'a da wuri a ƙafa da yaransa ya samu sahun gaba. Wannan 'yar tafiyar ma ta ishe ka motsa jiki.

10. Yara sun hana ni sakat, me zan yi da su?

Yaro ba ya gane hutu irin naka, shi ganinka a gida shi ne bikinsa. In ka ba su awa ɗaya cikakkiya da safe, ba waya a hannunka, za su ƙyale ka ka yi barcin rana, in kuwa ka yi ta korarsu to yini za su yi suna dawowa. Ludo, kati, dara in ka iya, ko ka samo musu duwatsun carafke su koya, ko a baje tabarma a ba su takarda da fensir. Da daddare in an ɗauke wuta lokacin tatsuniya ya yi, ka ce ga ta nan ga ta nanku ka ji ko sun san amsar. Nawa da farko ba su sani ba, haihuwar Legas ne, Yarabanci da Turancin buroka sun fi zama a bakinsu, sai da na koya musu ta zo mu ji ta. Yanzu ƙaramar ita take rufe mana da ƙurunƙus, kuma kalmomin Hausa da yawa a bakin Gizo da Ƙoƙi suka tsince su.

Katun a talabijin ko waya ba laifi, a dai sa masa lokaci. Aikin makaranta kuma a yi shi tun rana ta farko ko ta biyu.

11. An gayyace ni biki da suna, ga baƙi suna cewa za su zo. In ƙi?

Zumunci a ƙafa yake, ba na musu. Amma Legas gari ne da kowace Asabar akwai biki, na 'yan'uwanmu da na maƙwabta Yarabawa da kanofi da ankonsu, in ka ce duka za ka je to ba ka da sauran hutu har abada. Ka zaɓi guda ɗaya, wanda rashin zuwanka zai yi ciwo, ka je ɗaurin aure ko raɗin suna da safe ka yi addu'a ka dawo kafin azahar. Sauran ka kira da bakinka, ba saƙo ba: “Alhaji Allah ya sanya alheri, wallahi jikin ne sai a hankali, in sha Allah zan zo har gida in yi murna.” Ka tura gudummawarka, kuma ka cika alkawarin zuwan. Gaisuwar rasuwa da dubiya ba sa cikin wannan lissafin, su ana zuwa.

Baƙi kuwa ba a korar baƙo, sai dai ana iya tsara shi. Wanda ya kira ya ce zai zo ka ce masa Yaya ku zo Lahadi bayan la'asar mu sha hira, sai duk a haɗu a yamma ɗaya, zoɓo da cincin sun wadatar, ba sai an ɗora sabuwar tukunya ba (tambaya ta 7).

12. Waya ce take cinye min hutun, ga oga yana ta kira.

Waya tana gajiyar da mutum yana kwance. Ka ɗauka za ka duba abu ɗaya a Facebook ko TikTok, ka ɗago kai an kira la'asar, ido yana zafi, rai a ɓace saboda rigimar mutanen da ba ka ma san su ba, data ta ƙare. Abin da ya yi min amfani shi ne in kashe data in ajiye wayar a ɗaya ɗakin, in buɗe sau biyu ko uku a rana, kira dai yana shigowa in akwai gaggawa. Labarai kuma rediyo ta ishe ni, sashen Hausa na safe da na yamma, in ji in kashe.

Oga kuma tun ranar aiki ta ƙarshe ake maganinsa. Ka gama abin da ke kan teburinka, ka tura masa bayanin inda komai ya tsaya, ka ce ranka ya daɗe in akwai na gaggawa a kira ni kai tsaye. Guruf ɗin ofis na WhatsApp a sa shi shiru. In aikinka na asibiti ne ko tsaro ko wani mai karɓa-karɓa to wannan daban, ka duba tambaya ta 14.

13. Gidan haya nake, ɗaki ɗaya, ga hayaniya ga zafi ga sauro. Ina hutu a nan?

Na zauna a irin gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya kicin ɗaya, na san abin da kake faɗa. Wannan ya kunna kiɗa, wancan janareto, coci a bayan gida masallaci a gaba, yara suna guje-guje a lungu. Ba za ka iya kashe hayaniyar ba amma tana da lokutanta. Safiyar Lahadi maƙwabta da yawa sun tafi coci, daga takwas zuwa sha biyu gidan tsit yake, wannan lokacin barcinka ne, kada ka ɓata shi da wanki. Maƙwabcin da kiɗansa ya yi yawa ka same shi da fara'a tun kafin ranka ya ɓaci, yawanci suna ragewa.

Zafi ya fi tsanani wajen Fabrairu da Maris zuwa farkon Afrilu, wato hutun Ista yakan faɗa cikinsa, na 12 ga Yuni kuma tsakiyar ruwa ne, barci da daɗi sai dai a kula da ambaliya da kwata. A lokacin zafi a watsa ruwa kafin a kwanta, a sauko daga katifa zuwa tabarma, a sa kaya marasa nauyi, a sha ruwa da yawa. Sauro kuwa gidan sauro shi ne magani, a zubar da duk ruwan da ya kwanta a gwangwani ko tsohuwar taya, a rufe durom. In zazzaɓi ya kama wani kada a ce gajiya ce a jira hutu ya ƙare, a je a yi gwaji, musamman yaro ƙarami da mai ciki.

14. Ni ɗan kasuwa ne, sai na fita nake samu. Wannan maganar ta shafe ni?

Ta shafe ka, ko da yake na san da yawan 'yan'uwanmu a garin nan ba su san wani abu wai shi hutun gwamnati ba. Mai gadi, mai shayi, mahauci, ɗan dako a Mile 12, mai tura kurar ruwa, mai sayar da dabbobi, ɗan canji, wasu ma ranar hutun ce ranar cinikinsu. Ba zan ce ka rufe kwana uku ba, iyali a gida suna jiran aike. Amma kai ka fi kowa sanin ranar da kasuwarka take mutuwa, mai ciniki da 'yan ofis a Ailan ko Ikeja ranar hutu zaman banza zai yi ya ƙona kuɗin mota. To wannan ranar ka ɗauke ta, ko rabin yini ne, ka yi barci, ka yi aski, ka wanke kayanka, ka kira gida. In kuna da yawa a rumfa ku yi karɓa-karɓa, yau kai gobe ɗan'uwanka. Ciwo in ya kwantar da kai ba kwana ɗaya zai ci maka ba, kuma a Legas jinya ba dangi kusa abu ne mai wuya.

Wanda iyalinsa suke arewa shi kaɗai yake zaune, kada ya kulle kansa kwana uku ba ya magana da kowa, kewa tana yin yawa. Ya fita jam'i, ya zauna majalisa da yamma, in mai ƙwallo ne ya leƙa gidan kallo wasa ɗaya ya dawo.

15. Ayyukan gida da suka taru fa, wanki da gyare-gyare?

Ka zaɓi safiya ɗaya, ta rana ta farko ta fi, ka ba su awa biyu ko uku kowa ya sa hannu, abin da bai samu shiga ba ya jira wata Asabar. Famfon da yake ɗiga tun watan jiya ba zai rushe gidan ba saboda ƙarin sati ɗaya.

16. Rana ta ƙarshe gabana faɗuwa yake in na tuna gobe aiki. Yaya ake yi da ita?

Kusan kowa yana jin haka, daga la'asar ɗin ranar sai ka ji kamar an ɗora maka dutse. Abin da yake ƙara shi shi ne barin komai sai dare, guga da neman takalmin makaranta da aikin gidan da yaro ya manta. Ka kwashe waɗannan tun da hantsi, a goge kaya a rataye, a haɗa jakunkuna, a duba katin shiga BRT akwai kuɗi a ciki, mai mota ya sha mai tun da rana, sai yammar ta zama taka. Ranar kada a yi dogon barcin rana, kada a sha shayi mai kauri bayan magariba (tambaya ta 8), a ci abinci mara nauyi da wuri.

Kuma ka sa a ranka safiyar farko bayan dogon hutu hanya takan cushe fiye da kullum, waɗanda suka yi tafiya sun dawo, makarantu sun buɗe, kowa ya fito lokaci ɗaya. Ni nakan saita agogona ya tashe ni minti 20 kafin lokacin da na saba, in ajiye takalmi da jaka a bakin ƙofa, in cika fulas da ruwan zafi tun dare don kada a tashi maman yara, ƙarfe tara da rabi kuma a kashe fitila.